Bulo goma sha ɗaya a cikin kwalbati

Litinin, 4 ga Mayu

Yau da safe na ga an cire allon. Ina turo baro wajen gada sai na tarar da mutum uku da mota, biyu suna jijjiga ƙafar allon, ɗaya yana riƙe da takarda. Tun ina yaro allon nan yake tsaye a kan kwalbati, fuska ɗaya na cewa nan ne iyakar birni, ɗayar na yi wa mutum barka da zuwa ƙaramar hukumarmu. Suka wurga shi bayan mota kamar tsohon ƙyaure. Ramin da ya bari ko gwiwa bai kai ba. Na daɗe ina kallon ramin.

Daga yau birni da unguwanninmu na gefe hukuma ɗaya ce. Ofis ɗaya, shugaba ɗaya, mu masu yashe kwata ma an ce ɗaya muke. Dogo, leburan birni da muka shekara biyar muna tura wa juna shara ta kan iyaka, ya ɗago shebur daga can ya ce, "Siriri, yau ina za ka zuba? Maƙwabta sun ƙare!" Na ce a aljihunka. Mai shayi ya yi dariya har madara ta zube.

Laraba, 6 ga Mayu

Heluma, shugaban leburorinmu, ya tara mu. Ya ce leburori sun yi wa hukuma ɗaya yawa, za a tantance, a ɗauki wasu a bar wasu. An raba fom. Akwai wurin da aka ce a rubuta makarantar da mutum ya gama. Ni ban gama ba, a aji huɗu na tsaya. Na bar wurin fari.

Da aka watse ya ja ni gefe, bai kalle ni ba ya ce, "Maganar bulon nan, ba ka sani ba, ban sani ba."

Bari in rubuta ta ko sau ɗaya, tunda littafin nan nawa ne. Ruwan birni ta kwalbatin nan yake wucewa ya faɗa kwatarmu. Kwalbatin baki biyu ne, kwatarmu kuwa siririya, sai ruwan ya tumbatso ya shiga layinmu. Shekara huɗu da suka wuce ya shiga ɗakin Inna har katifa ta yi iyo. Mun kai ƙara birni, suka ce ƙasarku ce. Mun kai ofishinmu, suka ce ruwansu ne. Heluma ya kawo bulo da siminti, ya ce a toshe baki ɗaya daga can ciki inda ido ba ya kaiwa. Ni kaɗai ramin yake ɗauka. Na shiga da rarrafe, na jera bulo goma sha ɗaya. Tun ranar ruwa bai sake taka ƙofarmu ba. Inda ya koma ban tambaya ba. Can ai birni ne.

Asabar, 9 ga Mayu

Inna tana share ɗaki ta nuna min zanen da ruwa ya bari a bango, har yanzu ta ƙi a shafe. Ta ce, "Kullum sai na sa wa wanda ya gyara kwatar nan albarka, ko waye." Na ce amin, na fita.

Talata, 12 ga Mayu

An cakuɗa mu. Ni da Dogo aka ba mu layin da ke bayan kwalbati ta ɓangaren birni. Taku arba'in ne daga inda nake aiki kullum, amma ban taɓa shiga da shebur ba.

Akwai wani dattijo tela a ƙarshen layin. Dokin ƙofarsa an ƙara masa gini sau uku, kowane ƙari da kalar simintinsa, sai ka ɗaga ƙafa kamar za ka hau jaki. A ciki keken ɗinkin yana kan bulo bibbiyu, shi ma kujerarsa a kan bulo, yana ɗinki a sama kamar direban babbar mota. Ƙafar keken duk tsatsa. Yadin mutane a rataye suke a rufi.

Ya ba mu ruwan sanyi. Ya ga aljihun wandona a yage, ya ce, "Tsaya nan, ɗana, kar ka motsa," ya ɗinke shi a jikina. Dogo ya ce, "Baba, haɗa har da bakinsa." Na tambaye shi ko ruwa na damunsu. Ya ce, "Da ba haka ba ne. Shekara huɗu ke nan. Wai ƙasa ce ta zauna."

Ba ƙasa ba ce.

Juma'a, 15 ga Mayu

An ba mu takalmin ruwa da safar hannu, sababbi. Shekara shida ina shiga kwata da silifa. Alhamdu lillahi. Nawa ya ɗan yi min yawa, Inna ta cusa min tsumma.

Talata, 19 ga Mayu

Injiniyar magudanai ta zo daga babban ofis. Mace ce, ba ta da yawan magana, takalminta irin namu. Ta shimfiɗa taswira a kan bencin mai shayi. Ɓangaren birni duk layuka da lambobi, amma daga kan gada zuwa wajenmu fari fat, kamar ba mutane. Ta ce wa ya san nan. Dogo ya nuna ni da leɓe ya ce, "Wannan ɓeran, a ciki aka haife shi."

Muka zaga har azahar. Na nuna mata murfin da kwalta ta binne a gaban kantin magani, da inda kwata take karkata a ƙarƙashin katangar makaranta, da wurin da saiwar bishiya ta fasa. Ina faɗa tana zanawa. Ban taɓa ganin an rubuta abin da na faɗa ba. Har da tambayata, "Ka tabbata?" in ce na tabbata, ta rubuta.

Da muka dawo gada ta tsuguna ta leƙa. Ta ce a takarda baki biyu ne, bai kamata ruwa ya tsaya a layin tela ba. "Me ke riƙe shi?" Heluma yana tsaye a bayanta. Na ce ƙila shara ce.

Alhamis, 21 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi, da la'asar. Ya same mu a layin tela. Kafin a ce me, ya haura dokin ƙofar nan mai hawa uku. Ni da Dogo muka ɗaga keken muka ɗora kan tebur. Kayan makarantar yara da ya gama gugewa, kusan kafa ashirin, suka zame suka faɗa. Dattijon yana tsaye ruwa har ƙwauri, bai zagi kowa ba, sai tsamo su yake ɗaya bayan ɗaya yana matsewa. "Kama min ta can, ɗana. Allah ya yi albarka."

Na koma gida. Ƙofarmu a bushe, ko tabarmar waje ba ta jiƙe sosai ba. Na ture kwanon abinci gefe, na kwanta.

Juma'a, 22 ga Mayu

Na gaya wa Inna da safe. Tana tsintar shinkafa, ta tsaya. Can ta ce, "Shekara huɗu ina sa wa mutum albarka, ashe kai ne, ja'iri." Na ce idan na faɗa aiki zai tafi, ruwan kuma zai dawo ɗakinta. Ta ce, "Dattijon nan yana da wani ɗa da zai toshe masa?" Na ce ban ga kowa ba.

Ba ta ce je ka faɗa ba. Cewa ta yi, "Zo ka ɗora min akwatin nan a kan kabad." Na ɗora. Ta sa na ɗora buhun hatsi ma a kan tebur.

Litinin, 25 ga Mayu

Ranar tantancewa. Babban ofis, bene na biyu, benci dogo, fanka ɗaya tana kuka. Mutum uku a teburi, injiniya a gefe. Na tsakiya ya duba fom ɗina ya ce, "Babu takarda?" Na ce babu, ranka ya daɗe. Ya ce akwai abin da zan ƙara?

Na juya wajen injiniya na ce, "Ranki ya daɗe, ba shara ba ce. Bulo ne." Na faɗa duka. Na tsakiya ya ajiye biro. Ya ce wa ya sa ni. Na ce hannuna ne ya jera. Ya sake tambaya, na sake faɗar haka. Heluma yana da 'ya'ya bakwai, kuma ɗakin uwata aka tsare, ba nasa ba.

Ita injiniya tambaya biyu kawai ta yi, bulo nawa ne, kuma taku nawa daga baki. Na ce goma sha ɗaya, tsawon mutum biyu a kwance. Ta rubuta. Aka ce in tafi.

A matakala na ji ƙirjina ya yi sauƙi. Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Litinin, 1 ga Yuni

An kafe sunaye. Na bi da yatsa sau uku. Babu nawa.

Na Dogo yana nan, na ji masa daɗi. Na je mayar da takalmi, mai sito ya ce ba a ba shi umarnin karɓa ba. Dogo ya raka ni har gada bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Laraba, 3 ga Yuni

Injiniya ta aiko a kira ni. Ta ce a cikin leburori ba a ɗauke ni ba, kuma ba ta yi musu a kai ba. Amma tana buƙatar mai duba magudanai na ɓangarenmu har a gama taswira. Gwaji ne na wata uku, in na yi wasa shi ke nan. Ta ce, "Kar ka ɗauka lada ne. Rabin takardata fari ne, kuma ramin ba ya ɗaukar kowa sai kai."

Na ce to ɗakin Inna fa. Ta ce ba za a taɓa bulon ba sai an faɗaɗa kwatarmu tukuna. "Da can birni ba shi da ikon haƙa a ƙasarku, ku ba ku da motar haƙa. Yanzu takarda ɗaya zan sa wa hannu." Takarda ɗaya. Shekara huɗu.

Sharaɗi guda ta kafa min, in je in gaya wa tela da bakina.

Alhamis, 4 ga Yuni

Na je. Ya saurara ƙafarsa na kan keke. Da na gama ya ce, "Kai ne na ɗinke wa aljihu?" Na ce ni ne, Baba. Ya ci gaba da ɗinki. Na tsaya, na tsaya, na tafi. Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 18 ga Yuni

Motar haƙa kwana tara tana layinmu. Kwatar yanzu sai ta ɗauki Dogo a kwance a gicciye, ya gwada. Heluma ya kawo min burodi ya ajiye a kan baro, ya wuce.

Kullum ina gaida tela. Ba ya amsawa. Ina ci gaba.

Litinin, 6 ga Yuli

Na shiga da guduma da kurfi, Dogo yana riƙe da igiya a ƙuguna yana cewa in na mutu takalmin nasa ne. Na fasa su ina miƙowa. Goma sha ɗaya. Ginin ya yi ƙarfi, ashe na iya aiki.

Talata, 7 ga Yuli

Ruwa da sassafe, mai ƙarfi. Na ruga gada ko shayi ban sha ba. Baki biyu suna aman ruwa, kwatarmu ta haɗiye shi ta wuce da shi. Na leƙa layinmu, lafiya. Sai da na ga haka na lura ashe layin tela na fara dubawa kafin namu. Hanya ce kawai ta bi ta can.

Da ruwan ya ɗauke ina kwashe ledojin da suka maƙale a bakin shagonsa, sai na ji, "Kai, mai bulo." Na ɗago. Bai ce ɗana ba. Ya ce, "Zo ka kama min ta can." Muka ɗaga keken, ya ture bulon da ƙafa, muka sauke shi ƙasa. Ya sauke kujerar ma. Ya zauna ya taka, ya ce ya manta yadda ƙasa take, gwiwarsa ta ji daɗi. Bulon kuwa ya ce in kwashe, tunda na saba da su.

Ba ni kaɗai na gani ba. Dogo yana wurin da shebur a kafaɗa. Mai shayi ya gani daga bencinsa. Sai Inna, da ta haye gada da yadi a leda, wai ta ji an ce akwai tela mai kyau a unguwarmu.