Takardar da Ban Nuna Maka Ba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Sani mai buhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, na zo ne da amsar tambayarka, Baba.

Duk ranar da na biyo ta rumfarka a kasuwar Singa sai ka tsokane ni, wai shekara uku Dakta tana leƙen garin da ko tuwo ba ya yi. Nakan ce buhunan nan naka daga iskar furofilin ake yin su, ni kuma ina haska infared, hasken da ido ba ya gani, don in gano yadda iskar ke kama jikin garin zinki oksaid. Sai ka ce, "Ranar da kika gani, ni za ki fara nuna wa."

Aikin ba ya son katsewa. Sai an danne garin ya zama faifai kamar ɓawon albasa, a gasa shi awanni har damshi ya fita, sannan a sako iskar. Wuta na ɗaukewa, an koma farko. Faifai nawa ya lalace mini, Allah kaɗai ya sani.

Waccan Talatar aka wayi gari da wuta. Na miƙa wayata ga Ngozi, 'yar Sabon Garin da muke aiki tare, na ce ta kashe, ko wane ne kada a taɓa mini ƙofar ɗakin gwaji. Ta bi maganata.

Bayan la'asar layin da ke nuna kamun iskar ya fito a takarda, Baba, tsaf da shi. Na hau adaidaita da takardar a hannu, na ƙi sa ta a jaka don kada ta lanƙwashe. A ƙofar gidanmu na Fagge na tarar da tabarmi da takalman maza. Ashe da hantsi ka faɗi, ana idar da azahar aka kai ka.

Ban ga laifin kowa ba, gaggauta jana'iza aka umarce mu da yi. Ngozi har yau ba ta iya haɗa ido da ni, alhali ni na rufe ƙofar. Wallahi abin yana cin raina, Baba.

Sau uku malamina yana neman takardar. Na sake gwajin daga farko na kai masa wata. Waccan tana cikin aljihun babbar rigarka, ba wanda ya gan ta.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ya haɗa mu a inda zan nuna maka.

'Yarka,
Rabi