Matar da Na Zauna da Ita

Zongo, Kumasi, Disamba 1969

Yaya Malam Sanni,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya iyali, ya Kano?

Sun tafi da ƙaninka Jibirin. Tun da aka ce baƙi su bar Ghana ake tare mutane a kasuwar Kejetia. Ka san a nan aka haifi mijina, takarda ce ba shi da ita. Wani jami'i ya jera su, tafinta ya ce kowa ya faɗi da wa yake zama. Na gabansa ya ce, "Mata da na zauna da shi," irin Hausarmu ta Zongo, aka sake shi. Jibirin ya nuna ni ya ce, "Ga matar da na zauna da ita." Tafinta ya ce, "Wannan Hausar Kano ce, baƙo ne."

Na yi ta rantsuwa da Hausa da Twi, yaren Asante, ba wanda ya dube ni. An loda su a mota. Ya iso wurinka?

Matar ƙaninka,
Safiatu

Kano, Janairu 1970

Safiatu,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Bayan haka, bai iso ba. Kullum ina tasha.

Ki sani bai yi kuskure ba, a hannuna ya koyi Hausarsa. Bahaushe yana fara faɗin suna, bayani ya biyo, sannan ya dawo da "shi" ko "ita" don kada a manta wa ake nufi. Mutanen Asante ma haka suke yi. Turkawan da na zauna da su a Makka bayani suke farawa da shi, suna ya zo ƙarshe, ba su buƙatar komawa. Da harshenmu irin nasu ne, da tafintan bai sami abin kamawa ba.

Ki yi haƙuri. Muna addu'a.

Sanni

Zongo, Maris 1970

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban tambaye ka labarin Turkawa ba.

Garuba, direban motar da ta kwashe su, ya dawo. Ya ce sun daɗe a bakin iyaka ba ruwa, zazzaɓi ya kashe mutane. Ya taya binne wani dogo mai tabo a goshi, amma bai ji sunansa ba. Jibirin yana da tabo. Mutane da yawa suna da tabo.

Kai ne mai ilimi. In shiga takaba, ko in jira?

Ka huta lafiya.
Safiatu