Bakina Ya Karkace, Ga Mai Hoto Yana Tafe

Assalamu alaikum Anti Barira. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, ko da yake na san duk mutumin Yelwa da ya karanta wannan zai gane ni. Ban damu ba. Abin ya daɗe yana ci na, gara in faɗe shi.

Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata masu bandar kifi a Yelwan Yauri. Muna da mata daga Warra, muna da na wajen Shanga, wasu ma sai sun shigo jirgin ruwa suke zuwa taro. Da ganga da icce muka fara, hayaƙi na cin idanunmu, dillalai su zo su yi wa kayanmu kuɗin da suka ga dama. Yau alhamdu lillahi muna da murhun zamani, muna zuba tarwaɗa da karfasa a leda mai ɗauke da sunanmu. Kwanan baya wata hukuma mai tallafa wa ƙananan sana'o'i ta zaɓe mu cikin waɗanda za su je baje-koli Abuja. Sai suka ce kowace ƙungiya ta kawo hoton shugabanta. Ba irin fasfo ɗin katin ɗan ƙasa ba, hoto na ƙwararre daga kafaɗa zuwa sama, wanda za a buga a littafin taron, a sa a shafinsu na intanet, a kuma manna babba a saman rumfarmu. Sun ce manyan 'yan kasuwa littafin suke fara dubawa kafin su zaɓi rumfar da za su tsaya.

To Anti, ga inda matsalar take. Bara da damina na tashi da safe zan yi alwala, na kurɓi ruwa sai ya zubo ta gefen bakina. Na duba madubi na ga ɓarin fuskata na hagu ya saki. Inna ta ce iska ce ta bakin ruwa, aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe. Da muka je asibiti likita ya ce jijiyar fuska ce ta kumbura, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ya ba ni magani. Na samu sauƙi sosai, ina ci ina sha ina magana. Amma fuskar ba ta koma daidai ba. In na yi shiru ba kowa ke lura ba. Da na yi dariya bakin sai ya ja dama, idon hagu kuma ba ya rufuwa duka, haske kaɗan sai ya kama hawaye. Tun lokacin na koyi riƙe bakin mayafi a kan bakina in zan yi dariya. Ni da aka sani da ƙyaƙyata har maƙwabta su ji. Ranar sunan ɗiyar yayana da aka zo ɗaukar hoto, ɗaki na shige na ce kaina ke ciwo.

Duk da haka na yi ƙarfin hali. Na ɗauki ƙanwata Zahra'u muka tafi wani shagon hoto kusa da kasuwa. Na sa leshina mai walƙiya, Zahra'u ta cika mini fuska da hoda. Mai hoton yana sauri, mutane na jira a waje. Ya haska mini fitila cikin ido, ya ce in yi murmushi. Na yi. Ya leƙo ta bayan kyamara ya ce, Hajiya daina murguɗa bakin mana. Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, ya zaci da gangan nake yi, kuma da ya gane ya yi ta ba ni haƙuri har ya ba ni tausayi. Amma ya riga ya faɗa, kuma matan da ke jira sun ji. Ya nuna mini hoton: ido na hawaye, hoda ta yi layi a kumatu, leshin na ta ƙyalli kamar kwano. Na ja mayafina na fito. Muka kama hanyar gida.

Zahra'u tana so na, wannan ba na shakka. Ta sa hoton a wata manhaja ta waya ta gyara shi. Abin da ya fito wata mata ce fara sol, baki a miƙe, hanci siriri, har tsagar gadonmu da ke kumatuna ta goge. Ta kai wa Inna ta gani, Inna ta daɗe tana kallo sannan ta tambaya amaryar wane gida ce. Muka yi dariya, amma ni daga baya kuka na yi. Zahra'u ta ce kowa haka yake yi yanzu, babu wanda ke sa fuskarsa yadda take, in tura wannan a wuce wurin.

Sai kuma maganar ta shiga ƙungiya. Sakatariyarmu Hawwa yarinya ce mai kyau, ta yi karatu, tana jin Turanci. Wasu suka kawo shawarar a tura hotonta a madadina, wai don a hutar da ni. Ita Hawwa ba ta nema ba, har kunya ta ji. Na kusa amincewa. Abin da ya tsayar da ni Inna Dudu ce, tsohuwar da ta koya wa yawancinmu banda. Ta taso tun daga Warra ta same ni a gida. Ta ce ita ba ta san littafin Abuja ba, abin da ta sani shi ne ni suka zaɓa, kuma da bakin nan karkatacce na tsaya gaban dillalai watan jiya na hana su taya kayanmu da wulaƙanci. Ta ce in na ɓuya, jikarta da ƙonuwar murhu ta taɓa wa wuya me za ta koya? Maigidana shi ma ya ce in je, shi bai ga abin ɓoyewa ba, amma kin san maza, bai san yadda abin yake a zuciya ba.

Don haka na yanke: hotona za a sa. Hukumar ta ce za ta turo nata mai hoto daga Birnin Kebbi, wani Malam Sufyanu, zai zo Yelwa nan ba da daɗewa ba. Ba zan gudu ba wannan karon. Amma ba na son in sake shiga yadda na shiga wancan shagon, ba shiri sai ƙarfin hali. Me zan sa? In yi murmushi ko in tsuke baki? In gaya masa lalurata tun kafin ya zo, ko in bari ya gani da idonsa? In ya ce zai gyara hoton, har ina zan yarda? Kuma ya zan yi da Zahra'u da ke ganin taurin kai nake yi? Ki yi haƙuri na cika ki da surutu.

Taki,
Mai Banda, Yelwan Yauri

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma sa albarka a sana'arku. Babbar tambayar kin riga kin amsa ta da kanki, kuma ina bayanki. Saura shiri, shi kuwa abu ne mai sauƙi in an bi shi a hankali.

Fara da Malam Sufyanu. Ki karɓi lambarsa ki kira shi tun yanzu, kada ki jira ranar. Ki gaya masa kai tsaye cewa ɓarin fuskarki na hagu bai gama warwarewa ba, idon kuma ba ya son haske mai ƙarfi. Na tambayi wata mai hoto da muka daɗe muna aiki tare, ta ce wannan bayanin shi ne babban taimakon da za ki yi masa. Zai san ya zo da haske mai laushi, ko ya zaunar da ke a inuwa kusa da taga maimakon ya haska miki fitila a ido. Ki roƙe shi ya ware miki lokaci ke kaɗai, ba layi a bayanki. Abin da ya same ki a shagon kasuwa gaggawa ce da rashin sani suka jawo shi, kuma duka biyun ana magance su da kiran waya.

Ki zaɓi safiya, kafin rana ta yi zafi, kafin ki shiga hayaƙi. Ranar da ta gabace ta ki bar wa mata murhu, ki huta, ki sha ruwa sosai, ki yi barci da wuri, domin idon da ya gaji ya fi saurin hawaye. In likita ya ba ki maganin ɗigawa a ido ki tafi da shi, da hankici mai tsabta.

Leshin nan ki ajiye shi don biki. Kaya masu walƙiya da atamfa mai manyan zane suna janye ido daga fuska. Ki nemi mayafi ko hijabi mai launi ɗaya wanda ya karɓi fatarki, kamar shuɗi mai duhu, ko kore, ko ruwan goro, a goge shi sumul. Ki tafi da biyu ku gwada. Ki ɗaura shi yadda goshinki da haɓarki za su fito, kada ki ja shi gaba don ya rufe kumatu. Hoda kaɗan don kashe maiƙo ta isa. Jan baki mai ƙarfi zai ƙara nuna karkacewar, man leɓe ya wadatar, kwalli kuma ki bar shi in yana sa idon ruwa.

Maganar murmushi, madubi ne zai ba ki amsa, ba ni ba. Na san kallonsa zai yi miki nauyi da farko. Ki daure ki zauna gabansa kullum na ɗan lokaci, ki juya fuska kaɗan dama, kaɗan hagu, ki ga ɓangaren da ya fi kwanta miki. Ki gwada ɗan murmushi baki rufe, irin wanda kike yi in kin ga baƙon da kike so ya shigo. Sau da yawa wannan ba ya jan baki sosai, kuma idanu ne ke ɗaukarsa. Amma kada ki tsuke baki don tsoro, zai sa ki fito kamar mai fushi, mai fushi kuwa ba a tsayawa rumfarta. Ranar ɗaukar ki zauna a miƙe, ki saki kafaɗu, ki sauke numfashi kafin ya danna. Ki bar shi ya ɗauka da yawa, ki nemi ya nuna miki a tsakani, abin da bai yi miki ba ki faɗa. In kina so, ki ce ya ƙara wasu a bakin ruwa ko kusa da kayanku, za su yi muku amfani a talla nan gaba.

Yanzu Zahra'u. Kada ki yi fushi da ita, ta ga kukanki ne ta nemi hanya mafi sauri ta share miki hawaye. Kuma tana da gaskiya ta wani gefen: kowane hoto na ƙwararre ana taɓa shi. A daidaita haske, a cire ƙurji, a share ɗigon hawaye ko jan ido, duk wannan ba laifi. Inda zan ce ki tsaya shi ne sauya launin fata, goge tsaga, ko miƙe baki. Dalilin ma na kasuwanci ne. Hoton nan zai rataya a saman rumfa, ke kina tsaye a ƙasansa. In ɗan kasuwa ya ɗaga kai ya ga wata, ya sauke ya ga wata, abu na farko da zai koya game da ku shi ne abin da kuke nunawa ba shi ne abin da ke akwai ba, ku kuwa abinci kuke sayarwa, amana ce jarinku. Ki faɗa wa Malam Sufyanu wannan iyakar, ki ce ba za a tura ba sai kin gani kin yarda. Zahra'u kuma ki ba ta aiki: ita za ta goge mayafan, ta raka ki, ta tsaya bayan mai hoto tana jan ki da hira don fuskarki ta saki. Hawwa ma ki tafi da ita Abuja, Turancinta zai yi muku rana a rumfa.

Abu na ƙarshe, ki koma asibiti ki nemi a haɗa ki da masu gashin ƙashi. Akwai motsa fuska da suke koyarwa wanda ke taimaka wa wasu ko bayan an daɗe, kuma idon da ba ya rufuwa yana bukatar kulawar likita ko da babu zancen hoto. Amma kada ki ɗaga ranar kina jiran fuska ta koma yadda take da. Wataƙila ta koma, wataƙila ba duka ba. Baje-kolin kuwa ba zai jira ba.

In hotunan sun fito, ido zai fara kai ki wurin bakin, domin nan kika saba dubawa. Ki ajiye wayar, ki sha ruwa, ki dawo ki kalle su yadda baƙo zai kalla, sannan ki zaɓa. Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku sayar da kayanku kaf, ku dawo babu leda ko ɗaya. Ki gaishe mini da matan ƙungiya baki ɗaya.

Anti Barira