Damtsen Iya Talatu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, na rubuto ne kan wata magana da na kasa faɗa miki kina da rai. Ƙannena da ke bibiyata a wannan shafi nawa na intanet sun dame ni da tambayar yadda ake samun irin aikina. Gara su fara jin wannan kafin in lissafa musu kwasa-kwasan da za su yi.

Ba ki taɓa gane aikin nan ba, kuma laifina ne, don ban taɓa zama na bayyana miki ba. In an tambaye ki sai ki ce, "Rabi likitar kwamfuta ce." Ga yadda yake. Idan an ƙera sabuwar na'urar asibiti, ba a sakin ta kasuwa sai an gwada ta a jikin mutanen da suka amince. Duk awon da ta yi yana shigowa kwamfutata, ba da suna ba, da lamba. Ni ke tsince shi yadda kike tsince tsakuwa a shinkafa. Wanda ya yi daidai ya wuce, wanda bai yi ba in tura wa asibitin tambaya.

Da na ji za a gwada na'urar awon hawan jini a wani asibiti kusa da Bunkure, ni na ce ki je ki ba da sunanki. Aka ba ki ita ki tafi gida, ki riƙa ɗaurawa a damtse safe da yamma. An ja miki kunne cewa ke kaɗai za ki yi amfani da ita. Da na tsaya na yi tunani, da na san maganar ba za ta zauna ba. Ke da ko gishiri ba ya kwana a gidanmu sai an ɗebar wa maƙwabta.

A sati na uku wata lamba ta fara ɗaure mini kai. Awo takwas cikin minti ashirin, kullum bayan la'asar, wani ƙasa wani sama. Ban buƙaci suna ba. Bayan la'asar ne matan da kuke turara shinkafa tare suke sauke tukwane, su baza shanya, su zauna gindin darbejiyarki su huta. Daga kujerata a Kano nake hango ki kina bin su da na'urar ɗaya bayan ɗaya.

Abokan aikina suka taru a bayana suna ta dariya. Wani ya ce mutanen ƙauye sai a hankali. Inna, na taya su dariyar. Ban ce uwata ce ba. Na rubuta rahoto, aka tura malamar asibiti ta karɓe na'urar, aka cire ki daga gwajin. Rahoton ba na nadamarsa. Haka ƙa'idar take, don awon da ba a san mai shi ba yana iya sa a amince da na'urar da za ta cutar da wasu.

Abin da ke ci mini rai shi ne zuwana gida a ƙarshen satin. Na same ki bakin kanal ɗin ban ruwa kina wanke buhuna. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na hau ki da faɗa, wai kin kunyata ni, kin ɓata wa mutane aiki. Kika bari na gama tas, sannan kika ce, "To, na ji. Amma awon Iya Talatu kullum ja yake nunawa. Ki duba mata, ke da kika sani." Na ce ba ta cikin gwajin, ba ruwana da awonta. Kika sunkuya kika ci gaba da wankinki.

Na ga awon nan, Inna. Kullum akwai ɗaya cikin takwas ɗin da ya haura inda bai kamata mutum ya yi yawo da shi ba. Da na mai lambar ne, da a ranar na kira asibitin. Amma na sa masa alamar cewa ba naki ba ne, na wuce. Ban tambayi damtsen wa aka ɗaura wa ba. Da kika gaya mini ma, girman kai ya toshe mini kunne.

Bayan wata biyu Iya Talatu ta faɗi a gaban tukunya, ɓarin jikinta ya shanye. Maƙwabciyarki tun kina amarya. Har Allah Ya karɓi ranki ba ki taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuwa na fake da shirunki.

Jiya na tattara ƙarfin halina na je neman gafararta. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, bakinta a karkace, tana ta sa mini albarka. Ta ce a lokacin har ɗakinta kika je, kika ce ni na aiko ki, wai na duba awonta na ce lallai ta je asibiti. Ta ce ita ta yi ta ja, tana jiran a gama aikin shinkafar rani. "Kin yi naki, 'yar nan," in ji ta.

Kin san maganar 'yar boko za ta fi nauyi a kunnenta, shi ya sa kika ari sunana. Da ni na tako da ƙafata na sa ta a mota, wataƙila da ta je. Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, na kasa. Na karɓi albarkar da ba tawa ba na fito, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gobe zan koma, ta ji gaskiya daga bakina, ko da za ta janye hannunta.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya ba Iya Talatu sauƙi. 'Yar ƙaryar nan da kika yi don rufa mini asiri, ina roƙon kada Ya tambaye ki ita. Ni ce silarta, ni Ya tambaya.

'Yarki mai neman yafiya,
Rabi