Jar Fitila a Bakin Gada

Ingila, 1983

Ya Ma'u, sanyin idona, zumar dajin Birnin Gwari, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta gasa!

Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Takardarki ta iso. Na tambaye ki ko in turo Bappa Usman gidanku da goro, kin sake amsa mini da "sai wata rana". Haba Ma'u! Wace ranar ce wannan da ba ta da suna?

Kin sha tsokanata wai na bar noma na tafi hira da ƙarfe. To, ga hirar. Ana rubuta wa kwamfuta umarni, mu kuma mu kawo hujjar lissafi cewa za ta cika alkawarinta a kowane lokaci, ba ranar gwaji kaɗai ba. Malamina ya sa ni tsara fitilun ba da hannu na wata gada da ba ta cin mota biyu. Nan take na tuna 'yar gadar hanyar Gayam, ranar da kika sauke kwandon kaɗanyarki muna kallon direbobi biyu sun yi cirko-cirko, kowa ya ƙi ja da baya, kina dariya har da hawaye. Alkawari biyu ake nema: motoci ba za su taɓa karo ba, kuma duk wadda ta jira za ta haye. Na tabbatar da na farko ina hura hanci. Na biyu ya ƙi. Da na bi sawu, ashe fitilar gefe ɗaya tana iya zama ja har abada. Ba karo, ba rauni, ba kuma hayewa.

Ni ne a wannan gefen, masoyiyata. Ba ki taɓa korata ba, ba ki taɓa ce mini taho ba. Damina na bin damina, kewarki tana ci na, ga sanyi, ga tuwo babu.

Malamaina sun ce in zauna in ci gaba da bincike. Ni da ba na yarda da komai sai da hujja, na ce a ba wani gurbin. Ina tafe kafin a yanke dawa, in Allah ya yarda, ba tare da na san amsarki ba. Ki taimaka ki faɗe ta ina tsaye a gabanki.

Naki har numfashin ƙarshe, ko me kika ce,
Abarshi