Inna Ta Kira Sunanka a Gindin Aduwa

Zuwa ga Yayana Habu, a Damagaram ko duk inda wannan saƙo ya riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce ƙanwarka Rakiya daga Jidda. Na rubuta maka a fili inda kowa zai karanta, domin lambar da ka bari ta daina shiga tun bayan ƙaramar Salla, kuma ban san wata hanyar ba. Duk wanda ya san ka, don girman Allah ya isar maka.

Tun ranar da aka kama ka a Bab Makka saboda iƙamarka, takardar zaman ƙasa, ta mutu, aka mayar da kai ƙasar da ka bari kana goye, Inna ba ta koma daidai ba. Da farko kuka take yi. Daga baya ta daina kukan, ta daina maganar ma. Likita ya ce tsufa ne ya taɓa mata tunani. Abin da ya rage mata shi ne ta hau saman ɗaki ta zauna cikin shukokin da ka jera mata a gwangwanaye: na'ana'a, ɗoɗɗoya, lalle, da zogalen nan da ya fi ka tsawo.

Sai ruwa ya ɗauke a unguwarmu Karantina. Ka san halin, amma na bana ya wuce misali. Mijina yakan wuni a layin wayit, motar ruwa, ya dawo bai samu ba. Ɗan abin da muke samu a jarka na sha ne da girki da wanke Inna. Ina ji ina gani na'ana'a ta bushe, ɗoɗɗoya ta bi ta. Duk shukar da ta mutu sai Inna ta ƙara rage cin abinci. Yaya, na tsorata.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Chadi ce ta ce mini an buɗe wani lambu a arewacin gari, inda ake nuna wa mutane yadda ake shuka da ruwa kaɗan, shiga kyauta. Ba ni da wanda zan bar wa Inna, sai na sa mata abaya muka hau taksi.

Da ka ga wurin da ka yi mamaki. Babu koriyar ciyawa irin ta gidajen masu hali. Tsakuwa ce shimfiɗe ko'ina, da siraran tiyo baƙaƙe suna ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Wani ma'aikaci ɗan Sudan ya tsaya ya saurare ni har na gama. Ya ce in rufe ƙasar gwangwanayen da tsakuwa, in huda gorar roba in binne kusa da saiwa, in riƙa zuba ruwan alwala da na wankin shinkafa da sassafe. Na'ana'a kuwa ya ce halas, tata ta ƙare, in haƙura da ita.

Ina cikin sauraronsa na waiwaya, babu Inna.

Na yi ta gudu tsakanin shukoki ina kiranta kamar mahaukaciya. Can ƙarshen lambun na same ta, ta cire takalmi ta zauna a gindin wata itaciya mai ƙaya. Ni da aka haifa a nan ban san itaciyar ba. Ita ta gaya mini, Inna da ta yi watanni ba ta ce uffan ba. Ta tsinci ɗa guda a ƙasa, ta ɓare, ta tsotsa, ta dube ni ta ce, "Aduwa ce. Mun iso gida. Kira mini Habu ya zo ya kakkaɓo mana."

Ka fi ni sani, Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, kai ɗan fari. "Wancan" take cewa tun muna yara, ko zazzaɓi kake yi. Ranar nan da ƙarfi ta faɗe shi, ta sake faɗa, har mutane suna juyowa. Na durƙusa a kan tsakuwa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da kai.

Da lokacin rufewa ya yi ta ƙi tashi. Ta riƙe reshe har ƙaya ta fasa mata tafin hannu. Sai da na ce kana gida kana jiranmu sannan ta saki. Muna isowa ta bi ɗaki ɗaki tana ɗaga labule.

Na yi abin da ɗan Sudan ya ce. Lalle ya farfaɗo, zogale ya yi toho. Amma Inna ba ta ƙara hawa sama ba. Yanzu bakin ƙofa take wuni da ƙullin kayanta a cinya, duk wanda ya gifta ta ce ya kai ta gida. Ta rame, Yaya, zobenta ya daina zama a yatsa.

Mijina ya bincika. Za a ba ta takardar fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Ni ba zan iya binta ba, ga yara, ga takarduna a hannun kafilin mijina, mutumin da ya tsaya mana a ƙasar nan. Na yarda in haƙura da ganinta har abada, in dai za ta cika a ƙasar da take kira. Abin da ba zan iya ba shi ne in sa tsohuwar da ba ta san ranar yau ba a jirgi, babu mai tarbarta a Yamai. Likita ya ce in za a yi tafiyar, a yi tun tana iya zama a kujera.

Habuna, in rashin abin hannu ne ya sa ka ɓuya, wallahi ba wanda ya tambaye ka komai. Tabarma da inuwa sun ishe ta. In fushi kake da mu don ba mu iya fitar da kai ba, ka yi fushin bayan ka karɓi uwarka. Ka ari wayar kowa ka kira ni, ka ce in turo ta. Shi ke nan.

Ya Allah, in yayana yana raye Ka kai masa wannan magana da wuri. In yana cikin ƙunci Ka yaye masa. Ka ara wa Inna kwana har ta sa shi a ido, kada Ka karɓi ranta a bakin ƙofata tana jira. Amin.

Taka ƙanwa mai sauraron waya,
Rakiya
Karantina, Jidda