Wayar da Samar Ta Ɗauka

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ƙafar Inna? Ya maigidan da su Ummi? Mu nan Bronx, a New York, lafiya lau, sai dai har yanzu jikina a sanyaye yake.

Kin tuna Samar, Bafalasɗiniyar da muke aiki tare a asibiti, wadda kika aiko wa turaren wuta? Ranar Asabar na raka ta zanga-zanga kan Gaza. Muna tsakiyar taro aka kira ta daga gida, ashe likitan mahaifiyarta ne. Sai na ji ta juya harshe zuwa yaren Yahudawa. Wallahi Yaya, kafin ta kashe wayar wata Bafalasɗiniya irinta ta fizge gyalen wuyanta tana ihu, "Munafuka! Me ya kawo ki cikinmu?"

Ashe akwai Falasɗinawan da aka haifa a cikin Isra'ila, fasfon ƙasar gare su. Ni fa ban taɓa sani ba! Su ma kansu a rabe yake. Samar tana jefa ƙuri'a a can, ƙanenta ya ce cin amana ne, ya daina gaishe ta.

A jirgin ƙasa ta ce min, "Binta, can ana min kallon abokiyar gaba, nan kuma maciya amana. Laifinmu ɗaya ne, kakana ya ƙi barin gidansa lokacin da aka kafa Isra'ila."

In kina yi wa Falasɗinawa addu'a, don Allah ki ambaci sunanta daban. Ki gaida Inna da Kawu.

Ƙanwarki,
Binta